Wa ya taɓa haɗa famfon bohol da fitilun gida su dinga aiki da kansu ko ba data?

Abban_Nana:

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Don Allah masu harkar nan ta haɗa kayan wutar gida da waya, shawara nake nema. Gidana akwai bohol da sumo 1HP, tanki yana sama, kuma kullum rigimar ɗaya ce: ko dai a kunna a manta ruwa ya cika ya yi ta kwarara har lungun maƙota, ko kuma a kawo wuta cikin dare kowa na barci a ɗauke kafin asuba, gari ya waye tanki wayam, yara za su makaranta ba ruwan wanka.

Na sayi wani ɗan makunni na WiFi na sa a layin famfon, ya ɗan yi aiki na wani lokaci, amma ranar da data ta ƙare ina tsaye a gabansa wayata ta kasa kashe shi, daga baya ma ya fara warin roba, da na buɗe sai na ga wajen da waya ke shiga ya narke. Ina da inbata 3.5kVA da sola. Na kalli bidiyoyi a YouTube ana ta maganar Home Assistant da ESPHome da Tasmota da Zigbee, to duk Turawa ne da wutarsu ba a ɗaukewa, ban san wanne zai yi a irin yanayinmu ba. Abin da nake so famfo ya kunna kansa in an kawo wuta ko in batir ya cika da rana, ya kashe kansa in tanki ya cika, fitilun waje su kama da magariba su mutu da safe. Ta ina zan fara?

MaiWayarin_Sabongari:

Wa alaikumus salam Alhaji. Kafin a je maganar manhaja bari in yi maganar ɓangarena, don Allah ne ya tsare gidan bai kama ba. Waɗannan ƙananan makunnan da aka rubuta 10A a jikinsu, lissafin kwan fitila ne da irinsu, ba na mota mai juyawa ba. Sumo 1HP in yana tafiya lafiya zai ja wajen amfiya 5 zuwa 7, sai ka ce ai bai kai 10 ba, amma lokacin tashi yana fizgar ninkin wannan sau uku zuwa biyar, sannan in wuta ta zo ba ƙarfi, irin wadda fanka ke juyawa da ƙyar, motar ƙara jan wuta take yi ba ragewa ba. Ɗan rile ɗin da ke ciki, wato bakin da ke haɗa wutar da yanke ta, kullum yana tartsatsi har bakinsa ya ƙone, wani lokaci ma mannewa yake ya ƙi saki, kai kana ganin waya ta nuna a kashe alhali famfo na can yana aiki.

Kontakta za a sa, wato babban rile mai ɗaukar wuta mai nauyi. Ka nemi mai 25A ko sama wanda koyil ɗinsa 220 ne, shi zai ɗauki nauyin famfon, ɗan makunnin naka aikinsa kawai ya ba koyil wuta, wannan kuwa ko amfiya ɗaya ba ta kai ba. Sannan fulot suwic a cikin tanki, wannan ƙwallon mai igiya da ke tashi in ruwa ya taso, a jera shi a layin koyil ɗin. In tanki ya cika ya yanke, ko kwamfuta ta mutu ko rauta ta ƙone shi bai san wannan ba. Gaskiya rabin matsalarka fulot da kontakta sun gama da ita ba tare da wata waya ba. Ka ƙara da na'urar kare boltej mai jinkiri, wadda in an kawo wuta take ɗan jira kafin ta saki, saboda farkon dawowar wuta shi ke kashe kaya.

Dan_Samaru32:

Abin da oga mai wayarin ya faɗa ka riƙe shi, ni a kansa zan ɗora.

Dalilin da wayarka ta kasa kashe abu kana tsaye a gabansa shi ne yawancin irin waɗannan kayan masu araha, musamman masu amfani da Smart Life ko Tuya, in ka danna a waya umarnin sai ya fita ta intanet ya je sabar kamfani a wata ƙasa sannan ya dawo cikin gidanka. Ba data ba magana. Kuma ba mu kaɗai abin ke ci ba, a Afrilun 2022 kamfanin Insteon na Amurka ya kashe sabarsa ba sanarwa, mutane suka wayi gari manhajar ba ta aiki da kayan da suka saya da kuɗinsu. Shi ya sa masu wannan harka suke nacewa a kan komai ya zauna cikin gida.

Home Assistant shi ne ƙwaƙwalwar. Kyauta ne, wani ɗan ƙasar Holan, Paulus Schoutsen, ya fara shi a 2013, yanzu dubban mutane ke sa hannu. Za ka ɗora shi a wata ƙaramar kwamfuta da za ta zauna a kunne kullum, ka haɗa ta da rauta da kebul, ka buɗe burauza ka rubuta homeassistant.local:8123 shi ke nan ka shiga. Rautar ko ba ko sisin data a cikinta matuƙar tana kunne kayan gidan suna jin juna, data sai in za ka sauke sabon abu ko kana son duba gida daga kasuwa.

Wace kwamfuta? Kowa zai ce maka Raspberry Pi 4, kuma yana yi, wutarsa kaɗan ce, amma in kan katin memori ka ɗora to ka sani Home Assistant yana rubuce-rubuce a kai dare da rana, ga ɗaukewar wuta ba sallama, katin yakan lalace. Sannan Pi 4 ba shi da agogo mai batir a jikinsa, in ya mutu ya tashi ba intanet lokacinsa ya rikice, fitila ta kama da azahar. Akwai Home Assistant Green da suka fitar a 2023 kan dala 99, a haɗe yake zuwa, sai dai kuɗin kawowa. Ni abin da na fi so tsofaffin ƙananan kwamfutocin ofis na hannu, irin HP T630 ko Dell Wyse 5070, ba fanka balle ƙurar hunturu ta toshe ta, suna da SSD da batirin agogo, kuma wutar da suke ci in ba sa wani aiki mai nauyi ba ta wuce ta kwan fitila ɗaya ba. Ka shiga BIOS, wato saitin kwamfutar na lokacin tashi, ka saita ta kunna kanta in wuta ta dawo, wannan mutane da yawa suna mantawa. Ita da rauta dole su zauna a layin inbata, ba sulhu a nan.

Sai hannuwa da idanu, wato abin da zai taɓa famfon. Nan ESPHome ke shigowa, manhajar da ake ɗora wa ɗan allon da zai sarrafa famfon. Ka sayi ESP32, wani ɗan allo ne na kamfanin Espressif mai WiFi a jikinsa, girmansa bai wuce ɗan yatsa biyu ba, ka rubuta 'yan layuka a fayil na YAML kana gaya masa fin kaza rile ne, fin kaza sensa ce, ka ɗora masa ta USB karo na farko, bayan nan duk gyara ta iska ake tura masa. Abin da ya sa na fi son shi a kan famfo, dokar tana iya zama cikin shi ESP ɗin kansa. Misali ka rubuta masa in famfo ya yi minti 40 a kunne a kashe ko me ake ciki, to ko kwamfutar ta mutu wannan dokar tana nan. Kuma ka sa restore_mode ya zama ALWAYS_OFF, don in ya mutu ya farfaɗo ya tashi a kashe, kar ya tuna da cewa a kunne yake ya ci gaba. A Tasmota, wata manhajar mai irin aikin ESPHome, irin wannan su ne PowerOnState da PulseTime.

Yadda zai gane an kawo wuta kuwa, ka samu ƙaramin rile mai koyil 220 ka jona koyil ɗin a layin wutar gari kafin canja-oba, bakinsa busasshe kuma ka kai shi fin ɗin ESP. An kawo wuta ya ja, ESP ya gani, ka ce ya jira minti biyu ko uku wutar ta zauna sannan ya tada famfo. Kar ka kuskura ka kai 220 kusa da fin ɗin ESP kai tsaye, 3.3 yake sha.

In kana son ganin yawan ruwa a waya, JSN-SR04T ake sawa a murfin tanki, tana auna nisa da sauti, ba HC-SR04 ta 'yan makaranta ba, wannan raɓar cikin tanki za ta cinye ta. Ka bar mata tazarar wajen santimita 25 daga inda ruwa ke tsayawa don ba ta ganin abin da ya matso ta sosai. Ita ta kallo ce kawai, wani lokaci takan yi ƙarya in gumi ya taru a fuskarta, don haka fulot ɗin oga yana nan daram. Abu na ƙarshe da ni na fi jin daɗinsa, PZEM-004T a layin famfo tana auna boltej da amfiya. In ruwan bohol ya ja baya a watan Afrilu sumo ya fara juyawa a bushe, wutar da yake ja faɗuwa take yi, sai ka sa doka in ta yi ƙasa da kaza na tsawon daƙiƙa 20 a kashe a turo maka saƙo ta Telegram in akwai data. Wanda ya taɓa biyan kuɗin ciro sumo daga rami ya san darajar wannan.

Abban_Nana:

Kai Injiniya Allah ya saka da alheri, sai da na karanta sau biyu. To amma ni haɗa ESP da dalma ba fannina ba ne, ba wanda ake sayarwa a haɗe? Kuma batun batir fa, ya zai san ya cika? Sannan Zigbee ɗin da ake ta zuzutawa ba ka ce komai a kai ba.

Dan_Samaru32:

Akwai a haɗe Alhaji. Shelly na ƙasar Bulgeriya suna magana da Home Assistant kai tsaye cikin gida ba sai ka canja musu komai ba, tsada ce kawai. Sonoff da yawa ESP ne a cikinsu, ana goge nasu a ɗora Tasmota ko ESPHome, duk yaron da ke gyaran waya a Farm Centre in ka nuna masa fin huɗun da ake ɗora manhajar ta kansu zai iya. Wanda za ka yi hattara da shi shi ne marasa suna na AliExpress, da can ESP8266 ne a ciki, yanzu da yawa sun koma wani cip na Beken, BK7231, Tasmota ba ta hawa kansa sai ka bi ta OpenBeken ko LibreTiny, wahala ce ga mai farawa. Kuma duk waɗannan WiFi na 2.4GHz kawai suke gani, in rautarka a 5 take za ka kwana kana nema ba su fito ba.

Zigbee, wata hanyar da na'urori ke magana da juna ta iska ba ta WiFi ba, da gangan na tsallake. Yana da kyau, sensocinsa na ƙofa da motsi suna daɗewa da ƙaramin batir, dongul ɗaya irin Sonoff ZBDongle-P za ka soka a USB ɗin kwamfutar ka yi amfani da manhajar ZHA ko Zigbee2MQTT. Amma tsarinsa miƙa-miƙa ne, yawancin na'urorin da ke jone da wuta su ne ke miƙa saƙon na gaba da su. A Turai ba damuwa. A nan in rabin soket ɗinka suna layin da ba ya kan inbata, ana ɗauke wuta hanyar ta tsinke, sensar bakin get ta rasa ta inda za ta bi, in wuta ta dawo ma sai sun ɗau lokaci suna neman juna. In za ka yi, duk masu miƙawar su kasance a kan inbata, kuma dongul ɗin ka sa masa igiyar USB ya yi nesa da jikin kwamfuta. Ga kuma bangonmu na bulo da dakin mai rodi, ba katako ba ne irin na bidiyon da kake kalla.

Batir kuma ya danganta da inbatarka. Ka duba ƙasanta ko akwai ramin RS232 ko RS485. In irin su Deye ko Growatt ko dangin Axpert ne, akwai manhajar SolarAssistant, ta kuɗi ce, tana karanta inbata ta turo wa Home Assistant ta MQTT, hanyar tura saƙo tsakanin na'urori, akwai kuma hanyoyin kyauta in kana da haƙuri. Daga nan dokar mai sauƙi ce: batir ya haura kashi 80, tsakanin 11 na safe da 3 na rana, tanki bai cika ba, a kunna. In batirinka tubula ne kar ka yarda da kason da inbata ke nunawa sosai, daga boltej take ƙiyasi, litiyom mai BMS, wato allon da ke lura da batirin a cikinsa, shi ke faɗar gaskiya.

Maman_Ihsan:

Sallama gare ku. Ni ba injiniya ba ce, amma a gidan da aka yi irin wannan nake zaune, don haka ku bari in faɗi nawa. Abban Nana, duk abin da za ka haɗa ka bar makunnin bango yana aiki kamar da. Maigidan nan da ya fara nasa sai ya sa kwan fitila masu WiFi, aka ce kar wanda ya taɓa makunni don in an kashe a bango kwan ya fita daga layi, to Hajiya ta zo mana kwana biyu, tsohuwa za ta yi alwala cikin dare a ce sai ta nemi waya? Da yara da mai aiki duk hannunsu bango ya sani. Ƙarshe cire su aka yi aka sa abin a bayan makunni, ka danna da hannu ya yi, ka danna a waya ya yi, aka zauna lafiya.

Wanda ya yi min amfani da gaske guda biyu ne, saƙon da ke shigowa in an kawo wuta in tashi in yi guga da markaɗe, da kuma fitilar tsakar gida da ta banɗaki da ke kamawa kafin asuba, wai akwai lokutan salla a cikin Home Assistant ɗin, shi ya sa ta bi su. A azumi ya ja ta baya saboda sahur. Sauran kuwa, su fitila mai canja kala, sati ɗaya aka yi ana wasa da ita kowa ya manta.

Kawu_Tela:

Ku yaran yanzu kuna son wahala. Fitilar waje fotosel ake sa mata, duhu ya yi ta kama, gari ya waye ta mutu, tun kafin a haifi intanet ake wannan. Famfo fulot. Shi ke nan an gama. Yanzu in Alhaji ya yi tafiya Umara abin ya rikice wa zai gyara? Mai wayarin na unguwa in ya buɗe akwati ya ga ESP da wayoyi kala-kala cewa zai yi a cire duka.

Dan_Samaru32:

Kawu ranka ya daɗe ban ƙi taka ba, fitilar waje kam fotosel ta isa, in dai kamawa da mutuwa ne kawai. Inda ta gaza shi ne ba ta san batir ya yi ƙasa ba, ita za ta bar kwai shida a kunne har inbata ta yi ƙara ta mutu ƙarfe 3 na dare firiza ta tafi da ita. Da Home Assistant sai ka ce in ba wutar gari kuma batir ya sauka ƙasa da kashi 40 a bar biyu na bakin get a kashe sauran. Fulot ma haka, bai san bambancin wutar gari da ta batir ba, tanki na raguwa zai tada sumo ko tsakar dare ne ya zuƙe batir tas. Wannan zaɓen lokacin shi ne abin da ake biya wa wahalar.

Batun tafiya kuma gaskiyarka ne, shi ya sa ake sa silekta mai matsayi uku a murfin akwatin, hannu, kashe, da kai-da-kai. Abu ya rikice uwargida ta murɗa zuwa hannu, an koma zamanin Kawu. A liƙa takardar zanen wayoyin a cikin murfin saboda mai gyara. Dubawa daga nesa kuwa, layukan waya da muke sawa a rauta galibi ba sa ba ka adireshin kanka a intanet, don haka buɗe fot a rauta don shigowa daga waje ba zai yi ba, manhajar Tailscale za ka sa a kwamfutar da wayarka, ko ka biya Nabu Casa kuɗin wata, kamfani ne da waɗanda suka fara Home Assistant ɗin suka kafa.

MaiWayarin_Sabongari:

Maganar Maman Ihsan ta tuna min, Alhaji kafin ka yi odar na bayan makunni ka sa a buɗe maka makunni ɗaya a duba. Yawancin gidajenmu laif kawai ake saukowa da shi bango, nutural yana can sama wajen kwai, su kuma waɗannan na'urorin suna son duka biyun. Akwai waɗanda ba sa buƙatar nutural amma da ƙananan kwan LED sukan sa fitila ƙyaftawa ko a kashe take, sai an liƙa kafasita. In silin ɗinka ana shiga, gara a ɗora na'urar a sama wajen kwan. Akwatin bangon ma a duba zurfinsa, wasu ba sa ɗauka.

Abban_Nana:

Na gode ƙwarai jama'a, Hajiya ke ma na gode, da kwan WiFi ɗin na so farawa wallahi. Ga yadda na tsara: wannan satin kontakta da fulot da silekta da na'urar boltej, in ga ruwa ya daina zuba tukuna. Ƙarshen wata in nemi ƙaramar kwamfutar in ɗora Home Assistant in fara da gane an kawo wuta da tada famfo. Na leƙa ƙasan inbatar akwai RS232. Tambaya ɗaya oga mai wayarin, koyil ɗin kontaktan daga layin inbata zan ba shi wuta ko daga layin da famfon yake?

MaiWayarin_Sabongari:

Daga layin da famfon yake sha, bayan na'urar boltej, ta yadda in wutar ta tafi kontakta ya saki da kansa, in ta dawo sai an bi ta jinkiri kafin ya sake ja. ESP ɗin ne zai zauna a kan inbata da 'yar cajarsa ta 5V, bakin rile ɗinsa kawai ke shiga layin koyil, kar a haɗa nutural ɗin layukan biyu wuri ɗaya. Kuma kafin ka ɗora sumo a inbata 3.5kVA ka gwada da rana tsaka firiza na kashe ka ga ko tana ɗaukar fizgar tashin, in ta yi ƙara ta yanke to famfon ya tsaya a wutar gari kawai. Akwatin kar a kafa shi ƙarƙashin tanki.